Waɗanda Ba Sa Tashi Idan An Kunna Fitila

Goggo tawa,

Ina gaishe ki, gaisuwar 'yar da ta yi laifin shiru. Yaya ƙafar nan, tana barin ki ki rintsa kuwa? Yaya jikin Baba Tela? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai mura da ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ita ma ta gaji ta tafi. Baba ya ce in gaida 'yar baffansa da kyau. Shi ya gaya min kin hana a kira ki a waya saboda ƙararta na tayar wa Baba Tela hankali, shi ya sa na nemo biro.

Har yanzu ina ƙaramin gidan silimar nan. Ni ce mai yaga tikiti a ƙofa, ni ce mai haska wa 'yan latti hanya da tocila, in an watse kuma ni ce mai tsintsiya. To, wani fim muke nunawa da ya hana ni sakat. Ba na manyan kamfanoni ba ne, wata matashiya ce ta shirya shi da abokanta. Ba faɗa, ba rawa, ko mota ɗaya ba ta kife ba. Manaja ya karɓa ne don ya cike gurbin yamma, yana cewa ba zai kai mako ba za a cire. Ga shi yanzu har kujerun roba muke ƙarowa.

Labarin mata da miji ne, mijin ya kamu da ciwon mantuwa irin na Baba Tela. Ni fim ɗin na haddace shi, don haka mutane nake kallo daga inda nake tsayawa a jikin bango. Akwai inda mijin ya sa takalminsa a firji. Duk ranar duniya sai an yi dariya a wurin. Rannan wata mata ta miƙe tsaye ta ce, "Kai jama'a, wannan ba abin dariya ba ne!" Aka juyo ana kallonta. Can sai ga ta ita ma tana dariya tana share hawaye, wai nata mijin agogon bango ya sa. Wani matashi da amaryarsa kuma tun daga matakala suka fara rigima. Ita tana cewa, "In ni ce, za ka iya?" shi yana cewa ta bari su kai gida tukuna. Wani mai babbar riga ya ja tsaki a tsakiyar fim ya fice, wai bai zo a ɗaga masa hawan jini ba.

A ƙarshe matar ta kai mijin gidan kula da tsofaffi, ta dawo gida ta kwanta da takalminta a ƙafa, ta yi barci. Sai aka hau tafi. Na ji wata a layin baya tana cewa, "Ta yi daidai wallahi, ai ita ma mutum ce."

Goggo, duk sanda na ga matar nan ke nake tunawa. Da ma a ce kin gani.

'Yarki,
Mai tocila

*

'Yar nan,

Na samu takardarki. Ƙafa da sauƙi. Ki gaida babanki.

Na karanta, na sake karantawa, sannan na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke. Ke ma? Ke da kika yi zangon karatu a gidan nan, kika ga yadda muke? Ki gaya min gaskiya, yayanki Injiniya ne ya sa ki rubuto min wannan? Don in shi ne, ya iya zaɓen ɗan aike. An yi tafi, ko? Ta yi daidai, ko? Madalla. Su yi ta tafawa har tafukansu su kumbura.

Tunda kina yi kamar ba ki sani ba, bari in gaya miki. Babanki Tela ya daina wanka, ya daina canza riga. Ba ƙazanta ba ce, kin san shi, mutumin da ko zare ya maƙale masa a hannun riga sai ya tsaya ya cire. Ni ce bai sani ba. In na shigo da bokiti na ce ya tuɓe, sai ya ja rigarsa ya ƙanƙame, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri ki fita, ni ina da mata." Da ladabi yake faɗa, shi ne abin da ya fi ci min rai. In na ce ni ce matar, sai ya tsorata ya fara neman ƙofa. Yanzu ƙuraje sun feso masa a baya da hammata, likita ya ce in ba a wanke ana shafa magani ba za su zama gyambo.

Injiniya ya zo ya gani, ya yanke hukuncinsa. In ya samu hutun aiki zai zo da mota ya ɗauke ubansa zuwa gidansa, ya ɗauki namiji mai kula da shi. Ni kuma wai in koma wurin ƙanwarsa in huta, saboda jinina ya hau. In huta! Wa ya ce masa hutu nake nema? Tun ina da ƙuruciyata nake kwana da ƙarar keken mutumin nan a kunnena, yanzu a raba mu kamar kayan gado, wannan ya ɗauki uba, waccan ta ɗauki uwa? Ban ce yaron mugu ba ne. Tsoro yake ji. Amma ni ma tsoron nake ji, kuma ban da abin da zan nuna masa, don gaskiya ce na kasa yi wa ubansa wanka.

To ga inda nake, sai ga takardarki da labarin wadda ta kai nata ta ajiye ta samu barci. Na gode.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin in ce komai. Ina fata jinin ya sauka, kada in zama ni na ƙara hawar da shi.

Wallahi tallahi Yaya Injiniya bai aiko ni ba. Rabona da jin muryarsa har na manta. Ban san da maganar ɗauke Baba Tela ba sai a takardarki, kuma da na karanta a ɗakin ajiye tsintsiya na zauna na yi kuka na ƙoshi. Da na ce ke nake tunawa, ba ƙarshen fim ɗin nake nufi ba. Akwai inda matar ke tsaye a bakin ƙofar ɗaki da kofin shayi, tana jira fuskar mijin ta saki kafin ta shiga. Tsayuwarki ce sak. Wannan ya kamata in rubuta, sai bakina ya tafi wurin tafi. Laifina ne.

Kuma ban ba ki rabin labarin ba. Ba kowa ke tafi ba. Masu tafi su ne masu saurin tashi, kafin in kunna fitila sun kai ƙofa suna duba waya. Amma kullum akwai waɗanda ba sa tashi. Da farko haushinsu nake ji, ina tsaye da tsintsiya ina ta gyaran murya. Sai na lura yawancinsu su kaɗai suke zuwa, kuma idonsu na kan agogo kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ashe duk masu jinya ne. Wannan ta bar miji wurin maƙwabciya, wancan ya bar uwa wurin ƙanwarsa. Wata rana ɗaya ta juyo ta tambayi ta bayanta, "Naki ma yana ɓoye cokula?" Shi ke nan, hira ta ɓarke. Yanzu Manaja da kansa ya ce in riƙa jinkirta shara, har fanka yake bar musu a kunne, mutumin da ke kashe fitilar banɗaki da rana.

Mai shirya fim ɗin ta zo ranar nan ta zauna a baya, tana zaton ba a gane ta ba. Wata tsohuwa mai sanda ta tare ta ta ce, "'Yata, kin yi ƙoƙari, Allah Ya yi miki albarka. Amma matar nan taki ta cika tsaf-tsaf. Wa ya gaya miki mai irin wannan jinya na da lokacin jan baki?" Aka kwashe da dariya. Yarinyar ta ce ta ji, kuma ta zauna tare da su har aka tashi.

Goggo, na yi wani karambani, in kin ga dama ki zage ni. Ban faɗi ko ke wace ce ba, na dai ce ina da goggo, mijinta tela ne, ya ƙi wanka saboda yana ganin baƙuwa ce. Kin ga yadda suka yo kaina? Kowa da tasa. Mai sanda ta ce ki riƙa yi masa waƙar da yake so tun yana saurayi. Wata ta ce ki ɗumama ɗakin ki rufe madubi, don nata in ya ga kansa a madubi sai ya ɗauka wani ƙato ne ya shigo. Wani ya ce ki haƙura da bokiti, ki koma tsumma da ruwan ɗumi, yau hannu, gobe wuya. Wata kuma ta ce, "Ki ce mata ta bari a ɗauke shi, ni na bari, kuma ban mutu ba." Na rubuto miki har da wannan don kada in sake ba ki rabin labari.

Akwai wani dattijo da ke zuwa da lema ko ba hadari, ya kalli fim ɗin ya fi a ƙirga. Bai yi magana ba sai da kowa ya gama. Ya ce matarsa ungozoma ce a asibiti kafin ciwon ya kama ta. Ta ƙi cin abinci daga hannunsa, don ba ta san shi ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya nuna mata hoton aurensu, duk a banza. Wata safiya sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Sista, ki ci da sauri, akwai mai naƙuda a hanya." Ta cinye tas, har tana yi masa faɗan bai kawo da wuri ba. Ya ce in gaya miki, "Ta daina ce masa ita ce matarsa, wannan ƙofar ta rufe. Amma ɗinkin na nan a hannunsa. Ta shiga ta nan." Ya kuma ce in gaya miki ba kullum yake ci ba, kada ki ga ya ƙi wata rana ki ce ke ce kika gaza.

Ban san ko zai yi amfani ba. Na dai kawo miki yadda aka ba ni.

'Yarki mai dogon baki

*

Goggo,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Mu muna nan ƙalau.

Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙa, ba komai. Na tambayi Baba, ya ce shi ma bai ji ba. Zuciyata ta ba ni abu biyu: ko har yanzu kina fushi, ko kuma an riga an zo da motar. In fushi ne, na yarda, ki yi ta yi, ki dai rubuto ko layi ɗaya ne. In kuma na biyun ne, ki gaya min inda kike in nemi izini in zo.

An kusa cire fim ɗin, wani na harbe-harbe zai maye gurbinsa. Mutanen nan sun roƙi Manaja ya bar musu layukan baya sau ɗaya a mako ko ba fim, ya ce zai duba, amma na ga ya riga ya sa an gyara fankar wajen. Yanzu ba sa ce min sannu sai sun ce, "Ya goggonmu?" Dattijo mai lema har ƙofa yake biyo ni. Ni kuma sai in ce ban ji ba tukuna, in ga fuskarsa ta faɗi.

Ki taimaka ki rubuto.

'Yarki

*

'Yata ta kaina,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta fi ta wancan karon tsawo, don waccan ko kaza aka yi wa za ta yi ƙorafi. Yaya aiki, yaya tsayuwa? Ki gaida babanki da mamanki. Ƙafa ta yi sauƙi, jini ya sauka, likita har ya yaba. Babanki Tela yana nan kusa da ni yana jera maɓallai a faranti.

Ki yafe min. Na ɗora miki laifin da ba ki yi ba, tsoro ne ya sa na ga hannun Injiniya a cikin kowace kalma. Shirun kuma ba fushi ba ne. Kunya ce da farko, daga baya kuma na ce ba zan rubuto ba sai ina da abin faɗa.

Na gwada shawarwarin mutanenki ɗaya bayan ɗaya. Ki ce wa mai sanda waƙarta dai ta sha ruwa. Ina farawa ya ɗago ya ce, "Baiwar Allah, a rage murya, ana aiki." Ni da ya taɓa cewa muryata ce ta sa ya soke yatsansa da allura! Madubi na rufe, kuma ya taimaka, ya daina zabura in ya shiga banɗaki. Tsumma da ruwan ɗumi ya yarda da shi a hannu da fuska, iyakarsa ke nan. Maganar mai lema kuwa na yi ta juya ta ban ga ta inda zan kama ba. In ce masa me? Ga mai ɗinki ya zo, je ka yi wanka? Na gwada, ya ce mai ɗinkin ya shigo.

Sai wata safiya yana gyangyaɗi a kujera, na zauna ina kallon rigar nan da ta yi makonni a jikinsa, ni da ita kamar abokan gaba. Na ɗauko ƙaramin almakashinsa, na sunkuya na warware kalmasar ƙasan rigar kamar tsawon tafin hannu, na bar zaren yana reto. Da ya farka na gaishe shi kamar mai kawo ɗinki, na ce, "Maigida, wa ya yi maka wannan aikin? Dubi ƙasan rigarka."

'Yar nan, da kin ga fuskarsa! Ya kamo wurin ya kai kusa da ido, ya juya ciki ya juya waje. Ya ce, "Wane sakarai ne ya yi wannan? A shagona?" Kafin in ce wani abu ya cire rigar da kansa ya shimfiɗa a cinya yana neman allura. Ni na ga bayansa, na ga ƙurajen, na danne kukan da ya taso min. Na miƙa masa tawul ina kallon gefe, na ce, "Ga ruwa can an haɗa, kafin ka fito na sa maka zare a allura. Kada gumi ya ɓata farin yadi." Ya ce, "Wannan gaskiya ne." Ya shiga ya yi wankansa. Maganin ma ya bari na shafa masa, don na ce mai ne da ke hana fata ɓata riga. Na ba shi wankakkiya ya sa, ya zauna ya ɗinke waccan.

Ba kullum yake ci ba, mai lema bai yi ƙarya ba. Wata rana sai ya dubi zaren ya ce a kai wa yaran shago. Wata rana in yi kuka a kicin in fito. Amma ya fi ci fiye da ƙi, kuma ƙurajen sun bushe. Rigunansa duk sun sha warwara, ni na zama mai ɓarna shi mai gyara.

Injiniya ya zo da motarsa kamar yadda ya ce, har da katifa a baya. Ban yi musu da shi ba, na gaji da musu. Na ce ya zauna ya ci abinci tukuna. Yana zaune na yi abin nawa, uban ya yi faɗansa, ya tuɓe, ya yi wanka, ya fito yana ƙamshin sabulu. Yaron ya duba bayan ubansa da idonsa. Duk da haka ya ce, "Mama, na gani, amma ke fa? Dube ki. Wa ke kula da ke?" Tambayar gaskiya ce. Na ce masa na yarda ya samo namijin nan ya riƙa zuwa da safe yana kama min, in samu in miƙe ƙafa. Wadda ta ce in bari a ɗauke shi, ki ce mata na ji rabin maganarta. Amma ɗauka dai a'a. Ya riƙa juya makullin mota a hannu, na san bai gamsu ba.

Ina miƙa wa uban zare ke nan sai ya tsaya yana kallon hannun rigata. Ashe ya farke daga kafaɗa, ni ban ma sani ba. Ya girgiza kai ya ce, "Baiwar Allah, mijinki ba ya ganin wannan ne?"

Na ce, "Yana gani. Aiki ne ya yi masa yawa."

Ya ce, "Ba hujja ba ce. Matso."

Na matsa. Ya kama yadin da yatsa biyu, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa jikina, ya ɗinke shi a kafaɗata. Da ya gama ya ciji zaren ya ce, "In ya sake farkewa ki dawo nan. Kada ki kai wa kowa."

Injiniya ya tashi ya fita. Na leƙa ta taga na gan shi ya kifa kai a jikin mota, kafaɗunsa na motsi. Da ya dawo bai yi maganar tafiya ba, sai ya tambaye ni da wane lokaci nake so mutumin ya riƙa zuwa. Katifar ma a nan ya bar ta, wai don in ya zo kwana.

Ki kai wa mutanen nan godiyata, kowa da kowa, har da mai waƙa. Ki ce wa yarinyar da ta shirya fim ɗin ban gani ba, kuma ƙila ba zan gani ba, amma ta tara min 'yan'uwa a ɗaki ɗaya, Allah Ya saka mata. Mai lema kuwa ki ce masa goggonsu tana gaida Sista. Ke kuma ban san da bakin da zan gode miki ba, sai dai in ce Allah Ya ba ki mai tsaya miki.

Ɗinkin ya karkace, 'yar nan, har yana ja min hammata in na ɗaga hannu. Da can da ya ga irinsa sai ya kori wanda ya yi. Rigar ce a jikina yanzu da nake rubuto miki, kuma ba mai warware min ita.

Goggonki,
matar Tela